Wa Ya Ce Tsohuwar Golf Abin Kunya Ce?

Bara, bayan an gama girbi, na je ɗaurin aure a Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram. Na tafi ne a tsohuwar Golf ɗina, wadda ta girmi angon da shekara biyu ko uku. Da na isa ƙofar gidan, wani matashi da aka ɗora wa aikin tsara motoci ya dube ni, ya dubi motar, ya nuna mini can bayan katanga kusa da turken awaki. Inuwar dalbejiya kuwa an keɓe ta ga wasu jif guda uku. Ban ji haushin yaron ba, domin abin da ya ga manya suna yi shi ya kwaikwaya. Ɗaya daga cikin masu jif ɗin abokin karatuna ne, kuma matakin albashinmu ɗaya. Da yamma, bayan taro ya watse, ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Malam, ko akwai dubu ashirin a jikinka? Man da na zuba a Dutse ba zai mayar da ni gida ba." Na ba shi, muka yi sallama. Har yau ban tambaye shi kuɗin ba, shi ma bai tuna ba.

Tun ranar nake son rubuta wannan maƙala. Matsayina shi ne: ga malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, akawun ƙaramar hukuma, ƙaramin lauya ko likitan da bai daɗe da fara aiki ba, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce tsakanin Birnin Kudu, Gwaram, Sara, Farin Dutse da Dutse ba, babu motar da ta fi dacewa da shi kamar ƙaramar tsohuwar mota mai guntun baya. Raina ta da muke yi, mu 'yan boko, ba daga lissafi ya fito ba. Daga tsoron idon jama'a ya fito, kuma wannan tsoro yana cinye kuɗin makarantar 'ya'yanmu.

Wace mota ake magana a kai?

Ina nufin ƙananan motocin nan da wurin kayansu yake haɗe da kujerun baya, ƙofarsa tana ɗagawa sama gaba ɗaya da gilashinta. Irin su Volkswagen Golf, Toyota Starlet, Nissan Micra da Peugeot 206. Injinsu ƙarami ne mai silinda huɗu, nauyinsu bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma yawancinsu giyar hannu gare su. A ƙasar Hausa Golf 3 ce sarauniyarsu. Ta fito ne a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, don haka tsararrakin juna ne. An daina ƙera ta kafin ƙarshen shekarun 1990, kamar yadda Toyota ta dakatar da tsohuwar Starlet a 1999. Amma duk wanda ya tsaya a tashar Birnin Kudu na rabin sa'a zai ga cewa Golf ba ta san an yi mata ritaya ba. Micra ma haka take a Ibadan, inda ta zama tasin gari.

Ina kuma nufin wani aiki takamaimai: kai yara makaranta, zuwa ofis, cefane, kai mara lafiya asibitin tarayya na Birnin Kudu, leƙa gona, zuwa suna da jana'iza, da shiga Dutse idan an kira taro a ma'aikata. Wannan shi ne kaso mafi girma na tuƙin da ma'aikaci yake yi a shekara. Tafiyar Abuja ko Legas wani batu ne dabam, zan zo kansa.

Lissafin mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma tsallake naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Kafin wannan rana ana iya yafe wa mutum idan ya sayi mota bai tambayi shan manta ba. Bayanta, rashin tambayar sakaci ne.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Ma'aikaci yana tuƙa kilomita 1,200 a wata, wato kimanin kilomita 40 a rana. Ƙaramar mota mai lafiyayyen inji za ta sha kamar lita 8 a kowace kilomita 100, jimla lita 96. Tsohuwar jif mai silinda shida, irin wadda ake yayi, za ta sha kamar lita 14, jimla lita 168. Bambancin lita 72 ne. Idan muka sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 72,000 ke nan duk wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'ana, mai jif yana ƙona albashin mutum guda kowane wata a kan abin da ƙaramar mota za ta yi masa, ba tare da ya isa ofis da wuri ko da minti biyar ba. A shekara kuɗin ya haura naira 860,000. A Gwaram wannan kuɗi zai sayi takin damina, ya biya kuɗin makarantar yara, ya bar canji.

Kuma mai ba shi kaɗai ba ne. Tayar ƙaramar mota ta fi ta jif araha nesa ba kusa ba. Baƙin man da ake zuba mata lokacin juye bai kai na babban inji yawa ba. Batir ɗinta ƙarami ne. Inshorar dole, wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ita ce kawai kuɗin da suke biya kai ɗaya.

Sai batun bashi. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma take sayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta wuce 1,500 a 2024, kuma da wannan farashi kwastam take lissafa harajin shigo da mota. Tun Janairun 2017 ma aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da muka saba ta ƙuntata. Farashin 'yar Baljiyam ya ninka. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke bayarwa. Wanda ya ci bashi a wannan yanayi don ya sayi motar da ta fi ƙarfinsa ya jinginar da shekaru uku na albashinsa a kan ƙarfen da darajarsa take raguwa kullum. Ƙaramar tsohuwar mota kuwa adashe biyu da 'yan buhunan riɗi suna iya kawo ta.

Makanike ne alƙali

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu tambayi dillali a Kano wace mota ce mai kyau. Wanda ya kamata a tambaya shi ne makaniken da ke bakin tasha a garinku, domin shi za a kira ranar da ta tsaya. Motar da ta fi kyau a Farin Dutse ita ce wadda makaniken Gwaram ya buɗe injinta sau ɗari, wadda yaronsa ma ya san kukanta.

A nan tsohuwar Golf take da rinjayen da babu mai ƙwace shi. Saboda direbobin haya sun riƙe ta shekara da shekaru, kayan gyaranta suna ko'ina. Abin da babu a Birnin Kudu yana Ƙofar Ruwa a Kano, kuma direban da ya tashi da safe zai dawo da shi kafin magariba. Idan batir ya mutu, giyar hannu ce, samari uku sun tura ta tashi. Idan kuloci ya ƙare, aikin yini ɗaya ne. Motocin zamani kuwa cike suke da na'urori da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Fitila ɗaya ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'urar bincike daga Dutse ko Kano. Giyarsu mai sarrafa kanta idan ta lalace, kuɗin gyaranta kan yi kusa da kuɗin ƙaramar mota sukutum. Ku leƙa harabar gidajen ma'aikata a garuruwanmu, ku ƙirga manyan motocin da aka ɗora a kan duwatsu aka lulluɓe da tamfol, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Ba haɗari ne ya ajiye yawancinsu ba. Wani ɗan ƙarfe ne da ba a samu ba, ko aka samu kuɗinsa ya gagara.

"Ai hanyoyinmu ba su da kyau"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙanshin gaskiya. Kudancin Jigawa ƙasar duwatsu ce da rafuka. Da zarar an sauka daga kwalta akwai burji, akwai yashi, da damina kuma akwai taɓo da kwalbatocin da ruwa ya ci gindinsu. Ƙaramar mota gajera ce, cikinta yana iya bugun ƙasa.

Amma mu dubi wanda yake bin waɗannan hanyoyi kowace rana. Ranar kasuwar Sara, wace mota ce take fitowa daga ƙauyuka da buhuna a baya da akuya a sama? Golf ce da 'yan'uwanta, da babur. Jif ɗin manya sau nawa take shiga waɗannan ƙauyuka in ba lokacin yaƙin neman zaɓe ba? Ban da haka, da yawa daga cikin jif ɗin da ake shigowa da su daga Amurka tayoyin gaba kawai suke ja da su, daidai da Golf, sai dai sun kusa ninka ta nauyi. A cikin yashi nauyi abokin gaba ne. Ƙaramar mota in ta kafe, matasa huɗu sun ciro ta. Babba in ta kafe, sai a aika neman tarakta.

Akwai kuma inda girman mota ba ya amfanin kowa. A watan Agustan 2021 wata motar fasinja ta faɗa cikin karyayyar gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, aka rasa rayuka fiye da ashirin. Da jif ce ta zo wurin a wannan lokaci, ita ma da ta faɗa. Maganin karyayyar gada shi ne a gina gada, a sa alama, a rufe hanya kafin a gyara. A nan ne nake ganin babban laifinmu. Mun saba da sayen mafita ta kanmu ga matsalar da ta shafi kowa: wuta ta ɗauke mun sayi janareta, famfo ya ƙafe mun haƙa burtsatse, makarantar gwamnati ta lalace mun kwashe 'ya'yanmu, hanya ta farfashe mun sayi doguwar mota. Kowane mataki yana cire mu daga sahun masu ƙorafi. Mu ne muka iya rubuta takarda, mu ne muka san ofishin da za a kai ta, mu ne kansila da ɗan majalisa suke jin kunya. Ranar da ma'aikatan ƙaramar hukuma duka suke jin kowane rami a ƙugunsu, ranar za a fara cike ramuka.

Wanda gonarsa take can cikin fadama, ko aikinsa na rigakafi ne ko duba makarantun lungu a tsakiyar damina, shi yana da uzuri. A-kori-kura ko babur mai ƙarfi ne abokin aikinsa. Irin waɗannan mutane kaɗan ne a cikin masu kafa hujja da hanya.

"Iyalina suna da yawa"

Gaskiya ne gidajenmu ba na mutum huɗu ba ne. Amma sau nawa a shekara gida yake fita gaba ɗaya? Sallah biyu, biki biyu ko uku, wataƙila rasuwa. A ce kwana goma. Da kuɗin man da aka tara a wata ɗaya ana iya ɗaukar shatar Sharon ta kai kowa ta dawo da shi. Sayen mota mai kujera bakwai saboda kwana goma, alhali sauran kwana 355 mutum ɗaya ne ko biyu a ciki, daidai yake da gina zauren taro a matsayin ɗakin kwana. Ga kaya kuwa, guntun bayan nan da ake rainawa shi ne sirrinta: a kwantar da kujerun baya, buhun masara biyu da injin ban ruwa sun shiga.

Inda masu suka suka fi ni gaskiya

Ba zan ɓoye abin da ba ya goyon bayana ba. Idan ƙaramar mota ta yi karo da babba, na cikin ƙaramar su ne a ƙasa. Wannan dokar nauyi ce, ba ta sauraron hujja. Motocin farkon shekarun 1990 an zana su ne kafin Turai ta fara gwajin karo na bainar jama'a a 1997, kuma da yawansu ba su da jakar iska mai kare direba, ba su da birkin da ke hana taya kullewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, kuma da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiya a ƙasashen da suka fito ba. Ba abin alfahari ba ne a ce sai abin da wasu suka yar muke iya saye.

Saboda haka na ce motar zirga-zirga, ban ce motar doguwar tafiya ba. Ba na ba kowa shawarar ya ɗauki iyalinsa a motar da ta shekara talatin ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri da dare, cikin tireloli da tankokin mai. Amma kada mai jif ya ɗauka ya tsira. Da yawa daga cikin manyan motocin da ake kawowa daga Amurka sun taɓa yin haɗari a can, aka saye su a gwanjon kamfanonin inshora, mai gyaran jiki ya daddaƙe su, aka rufe gurbin jakar iska babu komai a ciki. Doguwar mota kuma ta fi saurin kifewa idan taya ta fashe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafa ta a 1988, gudu take nunawa a sahun gaba cikin musabbaban haɗari. Ƙa'idar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: motar da take gudun 120 tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 80 sau biyu da kwata. Mai ƙaramar mota da ya ɗaura bel, ya tsaya a 80, yake da birki da tayoyi masu kyau, ya fi aminci a kan mai babbar mota da yake tsere a kan tayoyin gwanjo.

Wani abin da zan amsa shi ne zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, na'urar sanyaya iska a irin waɗannan motoci sau da yawa ta daɗe da mutuwa. Za ka isa taro da gumi a wuyan riga. Na sha wannan, ban mutu ba.

Araha ba ta ado

Kare ƙaramar mota ba ya nufin kare kowace gwangwani. Akwai Golf ɗin da ta yi shekara goma sha biyar tana ɗaukar mutum bakwai da kaya tsakanin kasuwanni, aka yi mata fenti aka kawo ta kasuwa. Irin wannan rijiya ce marar gindi. Wanda zai saya ya je da makanikensa, ba na mai sayarwa ba. Ya isa da sassafe ya ga yadda inji yake tashi yana sanyi. Ya dubi hayaƙi: shuɗi alamar inji yana shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa yana shiga inji. Ya buɗe lagireto ya ga ko akwai maiƙo a ruwan. A ɗaga ta a duba ƙafa da shokazoba da alamun walda a ƙashin jiki. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A tabbatar takardun kwastam da na mallaka na gaske ne, lambar jiki ta yi daidai da ta takarda. Sannan kada a kashe duk kuɗin a saye. A ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don tayoyi, birki, bel ɗin inji da juye tun a makon farko. Wanda ba shi da wannan ragowar bai shirya sayen mota ba tukuna, ya ci gaba da babur ɗinsa babu kunya.

Ainihin ciwon

Bayan an kawar da batun hanya da iyali da haɗari, abin da ya rage shi ne wanda ba ma faɗa a fili: me mutane za su ce? Surukai za su ce ɗiyarsu ta auri marar hali. Ɗalibai za su yi wa malam dariya. Mai gadi ba zai buɗe ƙofa da sauri ba. Wannan tsoro na gaske ne, na ɗanɗana shi a bayan katangar nan ta Farin Dutse. Amma mu ne muka gina wannan ma'auni, mu ne kuma muke ciyar da shi. Kuma yana da farashin da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Ma'aikacin da motarsa take cin fiye da abin da albashinsa zai ɗauka dole ya nemo cikon a wani wuri. Wani ya nemo shi a bashi, wani a abincin gidansa, wani a fayil ɗin da ke kan teburinsa. Idan muna mamakin yadda ƙananan cin hanci suka zama ruwan dare a ofisoshinmu, mu leƙa wurin ajiye motoci mu kwatanta abin da ke wurin da takardar albashi.

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Iyayenmu da suka koyar a makarantun yankin nan sun yi shekaru a kan keke da babur, kuma har yau idan aka ambaci sunansu a Birnin Kudu ana yi musu addu'a. Babu wanda yake tuna abin da suka hau.

Ga wanda yake riƙe da kuɗinsa yanzu yana tunanin abin da zai saya, shawarata ita ce ya ɗauki takarda ya rubuta kilomitar da yake yi a wata, ya rubuta albashinsa, ya je ya zauna da makaniken garinsu rabin sa'a kafin ya kira kowane dillali. Idan lissafin ya nuna masa ƙaramar tsohuwar mota, ya saye ta, ya gyara birkinta, ya ɗaura bel, ya riƙa komawa gida kafin duhu. Idan an je biki an nuna masa bayan katanga, ya ajiye ta a can. Da yamma shi ne zai kunna mota ya tafi gida ba tare da ya ja kowa gefe ba.